Nomau da Modem Mai Haƙora Tara

Ranar Talata, da ƙarfe tara da kwata na safe, wasiƙar hukumar jarrabawa ta iso makarantar sakandaren al'umma ta Tungar Marke. Nomau masinja ne ya karɓe ta daga hannun direban motar kasuwa, ya kai wa shugabar makarantar, Malama Barira, wadda kuma yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Su uku ne a gidansu. Akwai Inna, tsohuwa mai sana'ar daddawa. Akwai Barira, wadda ta dawo gida da zama tun bayan rasuwar mijinta. Sai Nomau, ɗan shekara talatin da biyar, dogo, ƙaƙƙarfa, mai tsabta, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ko ƙiwa ba. Abu ɗaya ne ke haɗa shi da mutane: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Lokacin da Barira ta sama masa aikin masinja ta ce masa a gida ya kira ta Yaya, a makaranta kuma Malama. Tun daga ranar, idan suna tafe tare da safe yana ba ta labari, da ƙafarsa ta taka ƙofar makaranta sai ya sauya mata suna a tsakiyar magana.

Abin da wasiƙar ta ƙunsa shi ne, bana hukumar ba za ta karɓi sunayen ɗalibai a takarda ba. Kowace makaranta ta tura nata ta imel kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'ar ƙarshen wata. Makarantar da ta makara, ɗalibanta sai baɗi. Barira tana da ɗalibai arba'in da ɗaya a ajin ƙarshe, kwana ashirin da huɗu kuma suka rage.

A lokacin intanet ta layin tarho take bi, makarantar kuwa tana da layi ɗaya a ofishin shugaba. Tana kuma da kwamfuta biyu. Ɗaya mai Windows ce, ƙungiyar iyaye ta saya, takan daskare idan zafi ya yi yawa. Ɗayar mai Linux ce, wata ƙungiyar agaji ta bayar, ba ta daskarewa amma wata safiyar sai ta ƙi tashi. Barira ta buga sunayen a cikin duka biyun. Abin da ya rage shi ne modem, wato ƙaramar na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. Guda ɗaya makarantar za ta iya saya, kuma dole ya yi aiki da kowacce, tunda ba wanda ya san wadda za ta wayi gari da lafiya ranar turawa. Malaman makarantar shida ne, kowa da ajinsa. Mai zuwa aike ɗaya ne, Nomau.

Wata rana Barira ta aike shi Zariya wurin Labaran mai gyaran kwamfuta, ya tambayo mata irin wanda ya kamata a saya.

"Ka saurara da kyau," ta ce. "Duk abin da ya ce ka zo ka faɗa mini, kada ka rage ko kalma ɗaya."

Ya dawo da la'asar ya tarar ana taron malamai, har da shugaban ƙungiyar iyaye. Barira ta ce ya faɗa a gaban kowa, tunda abin na kowa ne. Nomau ya haɗe ƙafafu, ya kalli silin, ya fara.

"Ya ce, wa alaikumus salam, ɗauke ƙafarka daga kan wayar nan. Ya ce, wace Barira? Ya ce, au, wannan mai tambaya kamar alƙali? Ya ce, tana nan da ƙaton gilashin nan nata? Ya ce, kai mai shayi, na ce maka ban da madara, kurma ne kai?"

Malamin lissafi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Barira ta gyara gilashinta, ta buɗe littafi, ta ce, "Ci gaba."

Ya ci gaba. Aka ji yadda Labaran ya yi da wani mai rediyo, aka ji abin da ya ce game da surukinsa. Sai can wajen minti ashirin aka iso inda ake so.

"Ya ce, ta nemi na waje, mai wutarsa daban, wanda ake jonawa a bayan kwamfuta a wurin nan mai haƙora tara. Ya ce, shi ne ba ya zaɓen kwamfuta. Ya ce, tsaya, me kake ta maimaitawa a bakinka? Ya ce, innalillahi, har wannan ma za ka faɗa mata?"

Barira ta rubuta abin da take buƙata, ta ja layi a ƙarƙashi, ta ce ya je ya ci abinci.

Wata rana kuma kamfanin intanet ɗin da ta yi rajista da shi ya ce zai bugo ya ba ta sunan shiga da kalmar sirri. Malamai kuwa sun saba leƙowa ofis su gaisa da 'yan'uwansu ta wayar makaranta. Barira tana da darasi, don haka ta zaunar da Nomau kusa da tarhon.

"Kada ka bar kowa ya taɓa wayar nan," ta ce.

Da ƙarfe goma sha ɗaya wayar ta fara ƙara. Barira ta jiyo daga aji, ta ajiye alli ta taho da sauri. Tana miƙa hannu, Nomau ya kifa tafukansa biyu a kan tarhon.

"Matsa, Nomau."

"Malama, kin ce kowa."

"Ban da ni."

"Ba ki ce ba."

"To, yanzu na ce."

Ya tsaya yana auna maganar farko da ta biyu, don ya ga wadda ta fi nauyi. Da ya gama aunawa ya ɗaga hannuwansa, wayar kuma ta yi shiru. Sai ranar Litinin kamfanin ya sake bugowa. Barira ta rubuta sunan shiga da kalmar sirri da adireshin imel na hukumar a takardu biyu, ta manna ɗaya a gefen allon kowace kwamfuta.

Wata rana, ranar Alhamis ce, ta rubuta abin da Labaran ya ce da Turanci a 'yar takarda, ta naɗe, ta danƙa wa Nomau, ta aike shi kantin Alhaji Wada mai kayan kwamfuta a Sabon Garin Zariya. Ta san yadda ake ture mutum a tasha, don haka ta ja masa kunne.

"Ka riƙe ta da kyau. Kada ta bar hannunka."

Ya isa kantin da hantsi, ya yi sallama, ya ce modem aka aiko shi saye.

"Wane iri?" in ji Alhaji Wada.

"Yana cikin takarda."

"Kawo in gani."

"Ba za ta bar hannuna ba."

"To buɗe hannun in karanta."

"Fankar nan taka tana da ƙarfi, Alhaji. In na buɗe za ta ɗauke ta."

Alhaji Wada ya leƙa ta tsakanin yatsun, bai ga komai ba sai gefen takarda da gumi ya jiƙa. Masu saye sun taru a bayan Nomau suna tsaki. Alhaji ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko kwalin da ya fi fita a wurinsa, ya ce, "Wannan kowa ke saye. Ka gaida Malama."

Nomau ya dawo da kwali a hagu, takarda a dama. Barira ta buɗe kwalin ta tarar da ɗan faifai kore mai siririn ƙarfe a gefe, irin wanda ake sokewa a cikin cikin kwamfuta. Ta dubi takardarta da ke dunƙule a hannunsa, ta ce yanzu zai iya saki.

Tunda an riga an kawo, ta ce bari a gwada. Ta taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na wata uku, tana kuma da littafi. Washegari ta kwance mai Windows da sukurdireba, ta soke faifan, ta mayar da murfi, ta jona wayar tarho. Tun shekarar da aka kawo kwamfutocin akwai dokar da ta kafa wa Nomau saboda wutar lantarki mai hawa da sauka: idan ya ji wani ƙara da bai saba ji ba daga kwamfuta, ya kashe babban makunni nan take. Ta manta da dokar. Shi bai manta ba. Modem ya buga lamba, ya fara kukansa, wani tsiwa-tsiwa da shuuu kamar an watsa ruwa a mai mai zafi. Barira ta fara murmushi ke nan, ofis ya yi ɗif.

Nomau na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa a kan makunni.

"Na kashe, Malama. Da sauri na kashe."

Daga ranar mai Windows ta ƙara sabon ciwo: sai an kunna ta sau uku ko huɗu kafin ta buɗe. Barira ta cire faifan ta soke a mai Linux. Mai Linux ba ta ma nuna ta san an sa mata wani abu ba. Barira ta mayar da faifan cikin kwalinsa, ta shaida wa Nomau cewa kukan modem ba ya cikin dokar, ta sa ya maimaita sau biyu.

Wata rana, Asabar ce da safe, ta ba shi kwalin a gida. A wannan karon ta karanta masa saƙon da baki har ya haddace.

"Ka mayar masa da shi kamar yadda ka karɓo shi," ta ce, ta wuce gidan suna.

Ranar Litinin ta tambaye shi me Alhaji ya ce. Ya ce bai je ba tukuna.

"Don me?"

"Ran Alhamis na karɓo shi, Malama. Da hantsi. A motar Ɗan Sakkwato na je, ita kuma Alhamis kawai take zuwa. Rigar da na sa ma Inna ta wanke, na goge ta, tana nan na ajiye."

Barira ta buɗe baki za ta ce ya tafi yanzu, sai ta tuna ranar Talata da Laraba ana gwajin ɗakin kimiyya, Nomau ne kuma mai ɗebo ruwa da ɗaukar kaya. Ta rufe baki. Ranar Alhamis ya sa rigar, ya shiga motar Ɗan Sakkwato, ya riƙe kwalin a hannun hagu. Alhaji Wada ya saurari saƙon ya ce ai mai haƙora tara tsohon yayi ne, ya ƙare a kasuwa. Ya ba shi wani ɗan ƙarami mai sheƙi da ake jonawa ta USB, ya rantse yana aiki da komai. Da aka gwada, ya yi aiki da mai Windows bayan an sa mata faifan CD na manhajar da ya zo da shi. Mai Linux kuwa ba ta san da zuwansa ba. Mai Windows ɗin ma, ana cikin buɗe akwatin imel ta daskare, ta kwana biyu ba ta tashi ba.

Barira ta buga wa Alhaji Wada waya. Ya ce sababbin kaya na hanya daga Legas, za su iso Litinin. Litinin ya ce Laraba. Laraba da yamma ya ce sun iso, a turo gobe. Gobe kuwa Alhamis, saura kwana ɗaya, kuma ranar masu duba makarantu za su zo, ba ta da halin fita. Ta ƙudurta a ranta cewa in abin ya ƙi, ranar Juma'a da asuba za ta kwafe sunayen a faifan fulofi ta tafi Zariya da kanta ta nemi inda za a tura mata.

Wata rana, wato Alhamis ɗin, da ƙarfe bakwai na safe, ta kira Nomau ofis. Ta gaji da kai da kawo, abin da take so shi ne ya ja da Alhaji har ya ba da na gaskiya.

"Nomau, ka dube ni. Kada ka karɓi komai sai ka gani da idonka yana aiki a kan kwamfutocin nan biyu. Ka ji?"

"Na ji, Malama."

Ta fita taron safe. Nomau ya dubi kwamfutocin. Modem yana Zariya, su suna Tungar Marke, idonsa kuma ba zai kasance wuri biyu ba. Ya zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe kowacce ya ɗaure da zare. Ya aro kurar mai ruwa, ya shimfiɗa tabarmar ofis a ciki, ya jera kwamfutocin da allunansu. Maigadi ya tare shi a ƙofar baya.

"Ina zuwa da kayan makaranta?"

"Malama ce ta ce."

Maigadi ya san Nomau ba ya ƙarya, ya buɗe masa. A mota ya ƙi yarda a sa kayan a but ɗin baya tare da buhunan albasa. Ya rungume allo ɗaya a cinya, ya roƙi wata mata mai goyo ta riƙe masa kibod ɗin buga rubutu, sauran ya jera a tsakanin ƙafafunsa.

Alhaji Wada yana shan kunu ya ga an fara shigo masa da kaya. Nomau ya jera su a kan kanta, suka cinye wurin kaf.

"Gyara ka kawo? Ni ba na gyara."

"Gani na zo yi, Alhaji. Malama ta ce sai na gani da idona yana aiki a kansu su biyu."

"To ajiye su a ƙasa mana, in sallami mutane."

"A ƙasa ba zan ga allon da kyau ba."

Ya jawo kujera ya zauna a tsakiyar ƙofa. Mai son shiga sai ya raɓa ta gefe, mafi yawa kuma juyawa suke. Alhaji Wada ya aika aka kira Labaran, wanda shagonsa ke layi na gaba. Labaran na shigowa ya ga Nomau, ya tsaya.

"Yau ma an ce ka haddace?"

"A'a."

"Alhamdulillahi. To, Alhaji, zuba kayanka mu gani."

Aka jawo wayar tarhon kanti. Aka buɗe kwali na farko. A mai Windows, da ta yarda ta tashi, ya yi kuka ya haɗa. A mai Linux shiru. Na biyu haka, na uku haka. Duk wanda aka gama, Alhaji sai ya ce, "Ai ka ga ya yi," Nomau kuma ya nuna ɗayar da yatsa. Azahar ta yi suna kan na bakwai. Labaran ya share gumi ya ce wa Alhaji waɗannan duk jirgi ɗaya ya kwaso su, rabin aikinsu manhajar Windows ce ke yi musu, in babu ita ba su da wayon kansu. Sannan ya ɗaga labulen ƙuryar kanti, ya nuna wani akwati mai ruwan toka da ƙananan fitilu ja, a kan teburin Alhaji.

"Wancan fa? Shi komai nasa na cikin cikinsa."

"Wannan nawa ne na aiki. Da shi nake odar kaya. Ba na sayarwa ba ne."

"To, zan jira," in ji Nomau.

"Jiran me?"

"Har in gani."

Suka je masallaci suka dawo, Nomau ya koma kujerarsa. Wani mai son firinta ya leƙo, ya ga ba hanya, ya tsallaka kantin da ke kallon wannan. Alhaji Wada ya bi shi da ido har ya ga an ɗauko masa kwali. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"Labaran, ciro shi. Ni sai in koma amfani da ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan."

Labaran ya jona shi a bayan mai Linux, a wurin nan mai haƙora tara, ya ɗaure 'yan kusoshinsa biyu. Ya karanta takardar da ke manne a gefen allo, ya buga sunan shiga da kalmar sirri. Akwatin ya yi kuka, fitilu suka jeru.

"Ka gani? Ya haɗa."

"Fitilu na gani," in ji Nomau. "Malama ta ce yana aiki. Aikinsa tura sunaye ne."

Labaran ya dubi Alhaji, Alhaji ya ce, "Don girman Allah tura masa." Ba a sha wahalar nema ba, Barira ta ajiye fayil ɗin a fili, ta sa masa suna dalla-dalla, adireshin hukumar kuma ga shi a takarda. Labaran ya tura, ya nuna wa Nomau inda aka rubuta ya tafi. Ya fara naɗe waya.

"Saura ɗayar."

"Ai sunaye ɗaya ne, bawan Allah. Sun riga sun isa."

"Biyu ta ce."

Aka mayar da akwatin kan mai Windows. Sai da aka kunna ta sau huɗu. Ta haɗa, aka sake turawa. Kafin a cire waya amsar hukumar ta shigo, guda biyu a jere, kowacce na cewa an karɓi sunaye arba'in da ɗaya daga Tungar Marke. Labaran ya buga su a takarda. Alhaji Wada da kansa ya taya ɗaukar kaya zuwa bakin titi.

Nomau ya iso makaranta bayan la'asar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas. Ya tarar da Barira zaune ita kaɗai a ofis, gabanta teburi biyu wayam. Masu duba makarantu sun zo sun tafi, sun rubuta a littafinsu cewa makarantar ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Ta dube shi yana shigo da kaya ɗaya bayan ɗaya har ya ajiye na ƙarshe.

"Ina ka kai su?"

"Inda modem yake, Malama."

"Wa ya ce ka kai su?"

"Ke."

Ta cire gilashi ta ajiye a kan tebur. Ya miƙa mata akwatin mai ruwan toka, sannan ya zaro takardu biyu daga cikin riga.

"Na gani da idona. A wannan, da kuma a wannan."

Ta mayar da gilashin, ta karanta ta farko, ta karanta ta biyu, ta duba ranar da lokacin da ke kai. Ta buɗe fayil ɗin ajin ƙarshe ta sa su a ciki. Sannan ta ce ya rufe tagogi, ruwa ya sauko.

Ruwan bai tsaya ba sai da gari ya waye. Iska ta kayar da sandunan wayar tarho guda biyar a hanyar Zariya, rafin Marke kuma ya haye gada, ba motar da ta fita daga garin sai ranar Lahadi. Layin tarhon makaranta ya yi kwana goma sha ɗaya bai dawo ba. Ɗalibai arba'in da ɗaya na Tungar Marke sun zauna jarrabawar a shekarar.